Musa bn Maimun: me ya kawo malamin Yahudawa cikin jerin likitocin daular Musulunci?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana tarihin cikinmu. A darasin tarihin likitanci an jero wa ƙanwata sunayen manyan likitocin zamanin daular Musulunci: ar-Razi, Ibn Sina, az-Zahrawi, Ibn Nafis, sai wani Musa bn Maimun. Da ta bincika sai ta tarar mutumin babban malamin Yahudawa ne, har gobe littattafansa ake karantawa a makarantunsu. Malamin nasu ne ya yi kuskure, ko akwai abin da ya shige mana duhu?

Malam Na-Zaure:
Wa alaikumus salam. Babu kuskure, Baban Khalifa. Bayahude ne, a Bayahude ya mutu, kuma tun bayan rufe Talmud, babban kundin muhawarar malamansu kan shari'a, da wuya a sami malami a cikinsu da ya kai shi tasiri. Sai dai kusan duk rayuwarsa a ƙarƙashin sarakunan Musulmi ya yi ta. An haife shi a Kurɗuba ta Andalus a 1138, tsofaffin littattafai na cewa 1135, ya mutu a Fusɗaɗ, tsohon garin da ke jikin Alƙahira, a watan Disamba 1204. Larabawa na kiransa Abu Imran Musa bn Maimun al-Kurɗubi, Yahudawa na ce masa Rambam, Turawa kuma Maimonides.

Mahaifinsa alƙali ne a kotun Yahudawan Kurɗuba. Yaron na da kimanin shekara 10 Muwahhidun, mabiya Ibn Tumart, suka ci garin a 1148. Su ba su yarda da tsarin zimma ba, wanda a ƙarƙashinsa Bayahude da Kirista ke biyan jiziya su riƙe addininsu. Zaɓin da suka bayar shi ne musulunta, ko barin ƙasa, ko takobi. Iyalin suka yi ta gararamba a Andalus, wajen 1160 suka zauna a Fas ta Maroko. A 1165 suka shiga jirgin ruwa zuwa Akka, suka ziyarci Ƙudus da Khalil, daga nan suka gangara Masar. Can ya yi sauran kwanakinsa, ya zama shugaban Yahudawan ƙasar, ya zama likitan fada. Littattafansa na magani duk da Larabci ya rubuta su, kuma Ibn Abi Usaibi'a ya sa shi cikin littafinsa na tarihin likitoci. Ka ga dalilin shigarsa jerin.

Gwani Mai Allo:
Allah ya gafarta malam, ni abin da na taɓa ji shi ne ya musulunta, har ya haddace Alƙur'ani, daga baya ya yi ridda. In haka ne ai ba abin yabo ba ne.

Malam Na-Zaure:
Gwani, maganar tana da tushe. Ibn al-Kifɗi ne ya kawo ta a tarihinsa na masana hikima. Ya ce a lokacin tsanani mutumin ya bayyana Musulunci a zahiri, da ya isa Masar ya koma addininsa a fili. Ya ce daga baya wani malamin fiƙihu da ya zo daga Andalus, Abul Arab bn Mu'isha, ya gan shi a Masar ya tsegunta shi, aka kai magana gaban Alƙali al-Fadil, wazirin Salahuddin. Al-Fadil ya ce Musuluncin da aka yi bisa tilas bai inganta ba a shari'a, saboda haka babu ridda. Masana tarihi na yau sun rabu a kai: wasu sun karɓi labarin, suna cewa babu yadda iyalin Bayahude za su zauna a Fas shekara biyar a wancan zamani ba tare da sun ɓoye addininsu ba, wasu kuma na cewa da ya faru da maƙiyansa cikin Yahudawa sun yi masa gori da shi, ga shi ba su yi ba.

Gwani Mai Allo:
To in ma ya faru, hukuncin al-Fadil shi ne daidai. La ikraha fid din. Abin da Muwahhidun suka yi ba shi ne abin da muka karanta a babin jiziya ba.

Bakatsine:
Tsaya, ni wani abu ya ɗaure mini kai. Mutum yana gudun Muwahhidun, sai ya tattara ya koma Fas, cikin tsakiyar ƙasarsu? Wa ke gudun ruwan sama ya faɗa kogi?

Ɗalibar Falsafa:
Yaya Bakatsine, ba kai kaɗai wannan ya dama ba. Amma ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya kwaso daga wajen waɗanda suka kore shin. Ibn Tumart ya tsananta wajen kore wa Allah jiki da kama, har ya rubuta gajeriyar aƙida da aka wajabta wa talakawa haddacewa. To ku duba Ibn Maimun. A sharhinsa na Mishna, tsohon kundin dokokin Yahudawa, wanda ya fara yana ɗan shekara 23 ya gama a 1168 yana da 30, ya jero ginshiƙai 13 da ya ce dole kowane Bayahude ya yi imani da su, kuma na uku shi ne Allah ba jiki ba ne. Kafin shi ba a saba jero wa Bayahude aƙida a ce masa wanda ya saki ɗaya ya fita ba, addinin ya fi karkata ga aiki da doka. A littafinsa na falsafa, Dalalatul Ha'irin, ma ya ce yara da mata da jahilai duk a koya musu cewa Allah ba shi da jiki, ko da ba su fahimci hujjar ba. Wata masaniya, Sarah Stroumsa, ta yi dogon bayani cewa wannan salon Muwahhidun ne. Ni dai hujjarta ta gamsar da ni.

Ɗan Damagaram:
Wai da wane harshe yake wannan rubuce-rubuce? Ibraniyanci?

Ɗalibar Falsafa:
Larabci, amma da haruffan Ibraniyanci. Ajaminsu ke nan. Haka Yahudawan Andalus da Masar da Iraƙi da Yaman ke yi, har wasiƙar kasuwanci. Sharhin Mishna, da littafin da ya ƙirga dokoki 613 na Attaura, 248 umarni 365 hani, da Dalalatul Ha'irin, duk da Larabci. Babban littafi ɗaya ya yi da Ibraniyanci, shi ne Mishneh Torah.

Malam Na-Zaure:
Bari in tsaya a kan wannan littafin, don a nan ne girmansa yake a wajen Yahudawa, ba a falsafa ko magani ba. Talmud ba littafin hukunci ba ne kai tsaye. Muhawara ce ta malamai na ƙarnuka: wane ya ce, wane ya musa, a kawo labari, a koma, sau da yawa a tashi ba a yanke ba. Mai neman hukuncin mas'ala ɗaya sai ya bi wurare da dama. Ibn Maimun ya yi shekara 10 yana tace wannan teku, ya fitar da littafi 14, babi kusan 1,000, ya gama wajen 1180. Kowace mas'ala a mazauninta, da harshe mai sauƙi, hukunci ɗaya. Har dokokin Haikali, babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, da na layyar hadaya, waɗanda aka daina aiki da su tun da Rumawa suka rushe Haikalin a shekara ta 70, bai bari ba.

Rigimar ita ce bai faɗi inda ya ciro hukuncin ba, bai kawo saɓani ba. A gabatarwa kuma ya ce mutum ya karanta Attaura, ya karanta wannan, ba ya bukatar wani littafi a tsakaninsu. Malamai suka ce wannan girman kai ne. Abraham bn Dawud na kudancin Faransa ya bi littafin yana rubuta raddi a gefe, yana cewa ta yaya alƙali zai bar abin da ya sani ya bi maganar da ba a gaya masa tushenta ba. Shugaban makarantar Bagadaza, Samuel bn Ali, shi ma ya ja da shi.

Gwani Mai Allo:
Malam, wannan ai labarin Mukhtasar ne. Shehu Khalil ya kawo mashhurin mazhaba a dunƙule babu dalili, sai da su Mawwaƙ da Haɗɗab suka zo suna tono asalin kowace jumla.

Malam Na-Zaure:
Ka buga daidai, Gwani. Su ma haka aka yi. A ƙarni na 16 Yusuf Karo ya yi masa sharhi yana nemo tushen kowane hukunci. Bambancin kawai, Mukhtasar sai da malami saboda matsewar lafazi, shi kuwa Ibn Maimun so ya yi ƙaramin ɗalibi ma ya fahimta da kansa. Yau in ka buɗe bugun Mishneh Torah za ka ga nassinsa a tsakiya, raddin Ibn Dawud na nan tare da shi, sharhohi sun kewaye su. Littafin da aka yi don a huta da jayayya shi ya haifi sabuwa.

Ɗalibar Falsafa:
Akwai raddi ɗaya da nake so. Ibn Maimun ya ce duk wanda ya ƙudurce cewa Allah na da jiki ɗan bidi'a ne, ba shi da rabo a lahira. Ibn Dawud ya rubuta a gefe cewa don me zai ce haka, alhali waɗanda suka fi shi girma da nagarta sun tafi a kan wannan fahimta saboda zahirin ayoyi.

Bakatsine:
To fa! Ashe rigimar tawilin siffofi ba a unguwarmu kaɗai take ba.

Mai Unguwa:
Bakatsine, kar ka buɗe wannan ƙofar. Mun san inda ta kai mu a watan jiya. A tsaya kan mutumin.

Likitar Yara:
Ni ta ɓangarena zan shigo. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne larura ce ta sa ya maida likitanci sana'a. Yana da ƙane, Dawud, ɗan kasuwa mai fataucin duwatsu masu daraja. Shi ke juya dukiyar gidan, yayan yana zaune yana karatu. Cikin shekarun 1170 Dawud ya keta hamada zuwa Aizab, tashar jirgin ruwa a gaɓar Bahar Maliya, bai sami kayan kirki ba, sai ya rubuto wa yayansa cewa zai wuce Indiya. Jirgin ya nutse da shi da dukiyar, har da ta mutane. Wasiƙar tasa tana nan, an same ta cikin tarin takardun Geniza, ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce na majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ, waɗanda Solomon Schechter ya kwashe mafi yawansu zuwa Kambirij a 1897.

Shekara takwas bayan haka Ibn Maimun ya rubuta wa wani alƙali a Akka cewa wannan ce musiba mafi girma da ta taɓa samunsa. Ya ce ya yi kusan shekara a kwance da maruru da zazzaɓi da ƙuncin zuciya, kuma har lokacin in ya ga rubutun hannun ƙanen sai zuciyarsa ta juya. Ya ce a kan cinyarsa yaron ya tashi, ƙanensa ne kuma ɗalibinsa. An bar masa matar ƙanen da ƙaramar 'yarsa. In ka karanta wannan a matsayin likita, ka san abin da kake gani.

Baban Khalifa:
Allah sarki. To amma Dakta, babban malami kamarsa, ai jama'arsa za su ɗauki nauyinsa.

Likitar Yara:
Shi ya ƙi. Malam zai fi ni bayani.

Malam Na-Zaure:
Wannan ita ce fatawarsa da ta fi ɓata wa 'yan uwansa malamai rai. A sharhin Mishna ya caccaki masu ɗora wa jama'a kuɗin ciyar da malamai da makarantu, ya ce magabata masu faskare ne da masu ɗiban ruwa, ba su miƙa hannu ba. A Mishneh Torah ya ƙara zafi: wanda ya ƙudura zai zauna karatun Attaura, ba zai yi sana'a ba, zai ci daga sadaka, ya wulaƙanta sunan Allah, ya zubar da darajar Attaura. Ku tuna makarantun Bagadaza da gudummawar jama'a suke rayuwa. Ka ga ai ba za su so shi ba.

Gwani Mai Allo:
Da sauƙin faɗa ga wanda ƙanensa ke fataucin lu'ulu'u. Malamin da ke da yara 40 a gabansa daga asuba zuwa isha, yaushe zai je kasuwa? Hadisi ya inganta cewa mafi cancantar abin da kuka karɓi lada a kansa shi ne Littafin Allah, kuma malamanmu na Malikiyya sun halatta ladan karantarwa.

Malam Na-Zaure:
Gwani, Yahudawan ma ba su bi shi a nan ba. Shi Karo ɗin ya yi masa doguwar jayayya, ya ce da an bi wannan da karatu ya mutu. Kuma gaskiya ne shi kansa ya halatta malami ya ba ɗan kasuwa jarinsa ya juya masa, wanda shi ne abin da ya yi da Dawud. Abin da zan ba shi shi ne, da jarin ya nutse bai sauya fatawa ba.

Likitar Yara:
Kuma ya ji a jikinsa. A 1199 Samuel bn Tibbon, mai fassara masa Dalala zuwa Ibraniyanci a kudancin Faransa, ya ce yana so ya zo Masar su gana. Ya ba shi amsa cewa kar ya wahalar da kansa, ba zai sami ko sa'a ɗaya ba. Sai ya zayyana masa yininsa. Da sassafe ya hau dabba daga Fusɗaɗ zuwa fada a Alƙahira. Dole ya ga sarki, in sarki ko 'ya'yansa ko matan gidan ko wani babban bafade ba lafiya, can zai yini. In babu komai ya dawo bayan azahar da yunwa, ya tarar zaure cike: Yahudawa da waɗanda ba Yahudawa ba, manya da talakawa, alƙalai da dogarai, masoya da maƙiya. Ya sauka, ya wanke hannu, ya roƙe su su yi haƙuri ya ɗan ci wani abu, wanda shi ne abincinsa kaɗai a yini. Sannan ya fito yana dubawa yana rubuta magani har dare ya yi nisa, yana kishingiɗe saboda gajiya, har magana ta gagare shi. Sai ranar Asabar jama'arsa ke samunsa don karatu da al'amuran gari.

Duk wanda ya taɓa yin aikin kwana a asibitin gwamnati ya san wannan zauren.

Ɗan Damagaram:
Dakta, wane sarki? Na ga ana cewa likitan Salahuddin ne.

Likitar Yara:
Ibn Abi Usaibi'a ya faɗi haka. Amma Salahuddin ya bar Masar a 1182 bai sake komawa ba har ya rasu a Dimashƙa a 1193. Wanda ya riƙe shi sosai shi ne al-Fadil, shi ya yanka masa albashi. Sarkin da ke cikin wasiƙar kuwa al-Afdal ne, ɗan Salahuddin. Littattafansa na magani wajen 10 ne: kan asma, kan basir, kan dafi da makarinsa wanda al-Fadil ya sa shi rubutawa, kan kiyaye lafiya, da babban tarin fusul, wato gajerun ƙa'idojin magani, da mafi yawansu daga Jalinus, tsohon likitan Girkawa, ya tsamo, ya kuma ware babin ƙarshe yana sukar Jalinus ɗin. Ba mai ƙirƙiro sabon abu ba ne kamar Ibn Nafis, mai tacewa ne da tsarawa. A littafin asma ya yi magana kan iska mai tsabta da rage ci da romon kaza. A na dafi ya ce a ɗaure saman cizon maciji, a tsaga, a tsotse. Wannan kam don Allah kar kowa ya gwada, yau mun san ɓarna yake ƙarawa, a garzaya asibiti. Addu'ar likita da ake liƙawa a bango da sunansa kuma ba tasa ba ce, a Jamus ta fito a ƙarni na 18.

Wani abu da zai ba ku mamaki: al-Afdal na fama da baƙin ciki da rashin narkewar abinci, sai ya ba shi shawarar ɗan ruwan inabi da sauraron kiɗa. Ya san haramun ne a shari'ar mara lafiyan, ya ce aikin likita ya faɗi abin da ke amfanin jiki, ɗauka ko bari kuma na mara lafiya ne.

Gwani Mai Allo:
A'a Dakta. An tambayi Annabi (SAW) kan yin magani da giya, ya ce ba magani ba ce, cuta ce. Yana cikin Muslim.

Likitar Yara:
Ban ce ya yi daidai ba, Gwani, ni ma ba zan rubuta wa kowa ba. Na kawo ne don a ga yadda Bayahude ke magana da ɗan Salahuddin kai tsaye, kuma kansa bai bar wuyansa ba.

Baban Khalifa:
To shi me yake cewa game da Musulunci?

Malam Na-Zaure:
Abu biyu, kuma duk wanda ya kawo maka ɗaya ya ɓoye ɗaya ya cuce ka. Wajen 1172 Yahudawan Yaman suka shiga tsanani, ana tilasta musu barin addini, ga wani ya fito yana da'awar shi ne Masihu. Suka rubuto masa. A amsarsa ya ce babu al'ummar da ta cutar da Bani Isra'ila kamar 'ya'yan Isma'ila, ya ƙaryata annabcin Manzon Allah (SAW), ya yi amfani da lafazin da ba zan maimaita ba.

A gefe guda, wani da ya shiga Yahudanci mai suna Obadiya ya yi jayayya da malaminsa, malamin na cewa Musulmi masu bautar gumaka ne saboda Ka'aba da jifan Jamra, har ya ci masa mutunci. Ya tambayi Ibn Maimun. Amsar ita ce Musulmi ba masu bautar gumaka ba ne ko kaɗan, tauhidinsu ba shi da aibi, kuma ko suna jingina wa Yahudawa abin da ba su yarda da shi ba, wannan ba zai sa a yi musu ƙarya ba. Ya ce malamin ya yi zunubi babba, ya nemi gafarar ɗalibinsa. Wannan hukuncin bai ba Kiristanci shi ba. Amma kuma ya halatta koya wa Kirista Attaura ya hana koya wa Musulmi, don Kirista ya yarda nassin bai canza ba, Musulmi kuwa na cewa an jirkita shi.

Ɗan Damagaram:
Tunda ana faɗin gaskiya, ni ma ga tawa. Kusa da ƙarshen Dalala, kashi na uku babi na 51, ya buga misali da fadar sarki: wasu na cikin ɗaki tare da sarki, wasu na kewaya katanga suna neman ƙofa, wasu na wajen gari gaba ɗaya. Su wa ya sa a wajen gari? Waɗanda ya ce ba su da wata aƙida, kamar Turkawan can ƙuryar arewa da baƙaƙen can ƙuryar kudu. Ya ce matsayinsu na ƙasa da mutum, sama da biri. Ku yi ta yabonsa, ni wannan ta tsaya mini a wuya.

Ɗalibar Falsafa:
Yana nan, Yaya, babu mai goge shi. Tunanin yankunan ƙasa bakwai ne da aka gada daga Girkawa, cewa zafi ko sanyi mai tsanani na lalata hankali. Ibn Khaldun ma ya rubuta irinsa a Muƙaddima.

Ɗan Damagaram:
Ƙanwata, yawan masu faɗa ba ya wanke magana. Mutumin da ya rubuta wa malaman kudancin Faransa cewa duban taurari shirme ne, kar a yarda da abu don kawai an gan shi a littafi, me ya hana shi auna wannan? A daidai zamanin nan Ibrahim al-Kanemi yana Marrakush yana waƙa da Larabci a gaban Yaƙub al-Mansur. Sarakunan Kanem sun fi shekara 100 da musulunta. Shekara 40 da wani abu bayan mutuwarsa, mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ ɗin da ya zauna.

Ɗalibar Falsafa:
Wasu za su ce maka da waɗanda ba su da addini yake, ba duk baƙar fata ba, tunda ya ƙara da cewa da masu kama da su da ke zaune cikinmu. Ni ba zan kare shi da wannan ba. Ya zaɓi misalinsa.

Bakatsine:
Wai shi Dalalan me ke cikinsa ne, har ake ta kiransa?

Ɗalibar Falsafa:
Ya gama shi wajen 1190, ya rubuta wa ɗalibinsa Yusuf bn Yahuda da ya koma Halab. Don mutumin da ya riƙe addini, ya karanta falsafa, ya rasa yadda zai haɗa su. Kashi na farko yawanci kan kalmomin Attaura ne masu nuna Allah na da hannu ko fuska ko zama. Matsayarsa mai tsauri ce: ba za ka iya cewa Allah kaza ne ba, iyakarka ka ce shi ba kaza ba ne, ko ka siffanta ayyukansa. A nan ya yi babi-babi yana warware hujjojin Ash'ariyya da Mu'utazila, yana cewa sun tanƙwara duniya ta dace da abin da suke so su tabbatar. Kan ko duniya fararriya ce ko daɗaɗɗiya, ya ce Aristo, babban masanin falsafar Girkawa, bai kawo hujja yankakkiya ba, don haka ya tsaya kan halitta, amma da an kawo da ƙofar tawili a buɗe take. Kan hadayar dabbobi ya ce Allah ya bar wa Bani Isra'ila ita ne don sun saba da irin wannan bauta, ba a raba mutum da al'adarsa dare ɗaya. Wannan ta fusata mutane ƙwarai.

Malamansa a falsafa kuwa, ya gaya wa Ibn Tibbon a mantiƙi kar ya nemi kowa sai al-Farabi. Ya yaba Ibn Bajja, ya sa Ibn Sina ƙasa da Farabi, ya ce a karanta Aristo da sharhin Ibn Rushd. Shi da Ibn Rushd 'yan gari ɗaya ne, Ibn Rushd ya girme shi da shekara 12, amma labarin cewa ɗalibinsa ne ba shi da tushe. Littattafan Ibn Rushd a Masar suka riske shi, ya riga ya manyanta.

Malam Na-Zaure:
Bayan mutuwarsa wutar ta tashi sosai. A 1232 wasu malaman Yahudawa a Mompeliye ta kudancin Faransa suka haramta Dalala, wasu suka haramta masu haramtawar, magana ta kai ga limaman coci, aka ƙona littafin. Shekara 10 bayan haka aka ƙona Talmud kansa amalanke-amalanke a birnin Paris, wasu Yahudawa suka ce alhakin wancan ne. A 1305 a Basalona aka hana duk wanda bai kai shekara 25 ba karanta falsafar Girkawa. Duk da haka Toma al-Akwini, babban malamin Katolika, yana kawo maganarsa da sunan malam Musa, wani malami Musulmi, at-Tabrizi, ya yi sharhin muƙaddimomi 25 na farkon kashi na biyu, Yahudawa kuma suka wayi gari suna cewa daga Annabi Musa zuwa Musa bn Maimun ba a yi kamar Musa ba. Kabarin da ake jingina masa yana Ɗabariyya.

Ɗansa ɗaya, Ibrahim, an haife shi a 1186, ya gaje shi a shugabanci da likitanci yana matashi. Shi kuma wajen Sufaye ya karkata. A littafinsa Kifayatul Abidin ya ce Sufayen Musulmi sun riƙe wasu halayen annabawan Bani Isra'ila da Yahudawa suka saki. Ya so a dawo da sujada da wanke ƙafa da tsayuwa sahu-sahu a majami'a, jama'arsa suka yi masa ca.

Gwani Mai Allo:
Wannan ɗan nasa ya fi burge ni.

Baban Khalifa:
Mai jin Larabci zai iya samun Dalalan ya karanta, ko sai ya koyi haruffansu?

Ɗalibar Falsafa:
Akwai shi da haruffan Larabci. Wani malami Baturke, Husain Atay, ya fitar da shi a Ankara a 1974. Amma in ba ka taɓa mantiƙi da ilimin kalam ba zai ba ka ciwon kai, domin shi da kansa ya ce da gangan ya warwatsa maganganun, har da saɓani na ganganci, don kar wanda bai isa ba ya gane.

Malam Na-Zaure:
Abdullaɗif al-Bagdadi ya gana da shi a Alƙahira. Ya yarda mutum ne mai ilimi, amma ya ce son shugabanci da hidimar masu mulki sun rinjaye shi. Dalala kuma ya ce mugun littafi ne, yana rusa tushen shari'o'i da abin da yake zaton gyara ne. Shi ne kuma ya ba da labarin cewa marubucin ya tsine wa duk wanda ya kwafe shi da haruffan da ba na Ibraniyanci ba.

Bakatsine:
To Baban Khalifa, ka ji. Tsinuwar dai tana kan Baturken da ya kwafa, kai karatu kawai za ka yi.